Takardu sun yi mana yawa, wace manhaja za ta binciko mana su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ɗakin karatu a nan Sakkwato. Muna da takardu dubbai na PDF da Word, na Hausa da Larabci da Turanci, ga hotunan tsofaffin rubuce-rubucen Ajami. Neman takarda ɗaya kan cinye yini. An ce akwai manhajar bincike ta kyauta mai suna Solr, za ta yi mana?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Za ta yi, amma da sauran aiki a gabanku.

Solr manhaja ce da ake ɗorawa a kan saba, wato kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke jona da ita. Yonik Seeley ya ƙirƙiro ta a kamfanin CNET a 2004, aka miƙa ta ga gidauniyar Apache a 2006, kuma a kan Lucene, wani injin binciken rubutu, aka gina ta. Kowa na iya sauke ta, ya gyara, ba kuɗin lasisi. Sai dai tana buƙatar Java, wato manhajar da ake fara sa wa sabar kafin Solr ta yi aiki. Ba ta buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya in an yi tambaya. Tun farko take karance su, ta jera kowace kalma da takardun da ta fito a ciki, kamar fihirisin bayan littafi. Shi ya sa amsa ke zuwa nan take.

Matsalarku tana wajen Hausa. Wani ya rubuta "ƙasa", wani "kasa", wani "k'asa", ita kuwa kalmomi uku take gani. Ka sa mai haɗa muku ya kunna matacin ASCIIFolding, wanda ke mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b, sannan ya cire alamar nan ta k'asa da wani matacin daban. Haka nan ba ta san "littafi" da "littattafai" dangi ne ba, balle Sakkwato da Sokoto. Sai kun zauna kun rubuta mata su a fayil ɗin kalmomi masu ma'ana ɗaya. Larabci ya fi morewa, da nasa matacin yake zuwa.

Ajamin nan ne zan rage maka buri. Hoto hoto ne, ba rubutu a cikinsa da Solr za ta karanta. Tesseract, manhajar da ke karanto rubutu daga hoto, kan taimaka da bugun inji, amma rubutun hannu irin na malamanmu sai mutum. Ku rubuta sunan littafi, marubuci da maudu'i a jikin kowane hoto, ta nan za a riƙa samunsa.

Akwai wasu manhajojin binciken, Elasticsearch da OpenSearch, duk 'ya'yan Lucene ne, amma ni Solr zan zaɓa muku. In DSpace, manhajar adana takardu ta ɗakunan karatu, kuke amfani da ita ma, da Solr take bincikenta tuntuni.

Kada ku bar ƙofar shiga Solr a kan sabar, mai lamba 8983, a buɗe ga intanet ba makulli. Kuma da zafin Sakkwato na watan Afrilu da ɗauke wuta, a nema wa sabar ɗaki mai sanyi da sola tun kafin a fara.