Amsa: Allurar sanƙarau kafin tafiya Umara

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ku da maigida za ku Umara nan da wata biyu, an taɓa yi muku allurar sanƙarau a unguwa shekarun baya, kuma ejan ya ce zai samo muku katin shaidar allurar da hatimi ba sai an huda ku ba. Kada ki yarda da wannan, kuma allurar da aka yi muku a baya ba lallai ta isar muku ba.

Ƙwayar cutar sanƙarau iri-iri ce, ana kiransu da haruffa: A, B, C, W, X da Y. Wadda aka bi unguwa-unguwa ana yi a Arewa tun daga 2011, wato MenAfriVac, nau'in A kaɗai take karewa. Ta yi aiki sosai, amma a 2017 nau'in C ne ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato. Saudiyya kuwa mai haɗa huɗu take nema, ACWY, domin a aikin Hajjin 2000 da na 2001 nau'in W ya yaɗu tsakanin alhazai, wasu suka koma da shi ƙasashensu.

Yadda take yaɗuwa shi ne dalilin tsananin. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsa, yana yawonsa lafiya lau. Tari, atishawa, kwana ɗaki ɗaya da shan ruwa a kofi ɗaya su ke kai ta ga wani. To ki duba cunkoson ɗawafi, ga masauki mutum huɗu ko biyar a ɗaki. Mai katin bogi zai iya dawowa garau, amma ya kawo wa jikokinsa da suka zo taryarsa.

A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin ku sauka Saudiyya, don jiki sai ya ɗauki lokaci kafin ya gina kariya. Ni dai shawarata ku yi ta da saura wata guda, saboda wani lokaci akan je a tarar ta ƙare. Ki tambaya a asibitin koyarwa na Shika ko babban asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya su nuna miki inda ake yi, ko ofishin jami'an lafiya na filin jirgin Kano. Allura ɗaya ce a dantse. Kafin a yi, ki ce a nuna miki kwalbar: ki ga ACWY a jiki, ki duba ranar ƙarewar aikinta, ki tabbatar daga firji ko akwatin sanyi aka ciro ta. Tana son sanyin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta yini cikin zafi ko ta daskare, ƙarfinta ya ragu ko da kwananta bai ƙare ba.

A katin a rubuta sunan allurar, lambar kwalba, kwanan wata, da sunanki daidai da na fasfo. Allurar ACWY iri biyu ce: tsohon samfuri mai suna polysaccharide shekara 3 ake karɓarta, sabon samfuri mai suna conjugate shekara 5. In da hali ki zaɓi ta biyun, don tana rage zaman ƙwayar a maƙogwaro. Idan ba a rubuta irin ba, shekara 3 za su ƙirga miki.

Ciwon hannu da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, farasitamol ya isa. Mai juna biyu, ko wanda allura ta taɓa sa masa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, ya faɗa wa likita tukuna.

Allurar ba ta kare nau'in B, don haka bayan kun dawo a sa ido kwana 10. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai, ƙin haske ko ruɗewa, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Cutar takan sa ɗige-ɗigen jini a fata, amma a fatarmu ba sa fitowa sosai, sai a duba tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido. Jariri kuma maɗigarsa ke kumbura, ya ƙi nono. Kada a tsaya kemis ana maganin maleriya, cutar tana iya kisa cikin yini guda, wanda ya tsira kuma zai iya kurmancewa. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mara lafiyar su ma likita zai ba su maganin kariya.

Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada.