Tambayoyinku: Tsofaffin Faya-fayan Fim, a Riƙe ko a Sauya?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu guda suka zo, wato faya-fayan VCD da DVD da suka cika akwatuna a gidajenmu na Damagaram, da kuma sababbin talabijin masu faɗin allo da suka shigo. Masu gyaran kayan lantarki da ke amsa tambayoyin wannan fili sun zaɓi guda shida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi talabijin mai inci 50, amma faya-fayaina na da, wajen ɗari biyu, sai hotonsu ya fito dishi-dishi, mutane kuma sun yi faɗi kamar an danne su. A tsohuwar tele ba haka suke ba. Ɗana ya ce in zubar da su in koma HD. Ina gaskiyar take? — Wani Alhaji daga Birni

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka zubar da komai tukuna. Faya-fayanka ba su lalace ba, allon ne ya yi musu girma.

Kowane hoto a allo ɗigo-ɗigo ne aka jera. Faifan VCD irin na yankinmu yana ɗauke da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. DVD yana da 720 da 576. Cikakken HD kuwa 1920 da 1080 ne, wato ninki biyar cif na DVD, kuma ninki ashirin da ɗan ɗoriya na VCD. Idan ka sa DVD a babban allo, dole talabijin ta shimfiɗa ɗigon nan kaɗan su rufe fili mai yawa, kamar a ce tuwon mutum ɗaya za a raba wa biyar. Tsohuwar tele mai ƙeya ƙarama ce, kuma yadda take zana hoto yana ɓoye wannan rauni.

Amma a gidaje da yawa rabin matsalar daga waya take. Duba bayan lektar ɗinka, wato na'urar kunna faifai. In wayar nan mai kai uku ce ka haɗa, rawaya da ja da fari, to ita ce mafi rauni a duk hanyoyin haɗi, domin rawayar ita kaɗai ke ɗaukar haske da launi a cakuɗe. In lektar tana da ramin HDMI, sayi wayar HDMI ɗaya ka cire waccan. Ba sai mai tsada ba. A tazarar mita ɗaya ko biyu, mai araha da mai tsada hoto ɗaya suke bayarwa muddin suna aiki. Daga nan ka shiga saitin lektar ka zaɓi 1080p a wajen fitar da hoto, ka kuma nuna mata allonka 16:9 ne, wato siffar allo mai faɗi. In ba ta da HDMI ko kaɗan, sabuwar lektar DVD mai HDMI ta fi sake sayen fim ɗari biyu sauƙi nesa ba kusa ba.

Batun faɗin mutane kuwa, tsofaffin finafinai da yawa an yi su ne da siffar 4:3, allonka kuma 16:9 ne, sai talabijin ta ja hoton gefe da gefe don ya cika. A telekomand ka nemi maɓallin girman hoto ka mayar da shi 4:3. Za ka ga baƙin shafi hagu da dama. Haka ya kamata ya kasance, ba lalacewa ba ce. Sannan ka rage saitin kaifin hoto zuwa ƙasa sosai, don idan ya yi yawa ƙazantar hoton yake ƙara fitarwa, ba kyansa ba.

Sai nisan zama. Ido yana cin moriyar cikakken HD ne idan mutum na zaune a kusan ninki ɗaya da rabi na girman allon. A allo mai inci 32 wajen mita 1.3 ke nan, a mai inci 50 kuwa wajen mita 2. Wanda ke kallon allo mai inci 32 daga mita uku ko huɗu, kamar yadda iyali ke zama a tsakar gida da dare, da wuya ya bambance DVD mai kyau da HD. A naka allon za ka ga bambanci, gaskiya ne. Shawararmu ita ce ka ware finafinai goma ko ashirin da ka fi maimaitawa ka nemi na HD ɗinsu, in akwai na gaske, sauran ka ci gaba da kallonsu yadda suke. VCD ne kawai ba mu da abin da za mu yi maka alkawari a kansa. A inci 50 zai ci gaba da dishi-dishi, sai dai a matsa baya.

Tambaya: A kasuwar Dole masu tura fim suna cewa suna da tsofaffin finafinan Hausa na HD. Na karɓa a kile na USB, ban ga wani bambanci da faifaina ba. Cuta ta aka yi? — Wata uwar gida daga Zango

Amsa: Hajiya, idonki bai yaudare ki ba. Mai turawar ma ƙila shi kansa haka ya karɓa. Abin da ke yanke hukunci shi ne da me aka ɗauki fim ɗin tun asali.

Finafinan Hausa na shekarun 1990 da farkon shekarun 2000 an ɗauke su ne da kyamarar bidiyo ta kaset, kuma iyakar abin da wannan kyamara ke kamawa bai wuce matakin DVD ba, wasu ma ba su kai ba. Abin da kyamara ba ta kama ba, babu inda za a samo shi. Sai a sa kwamfuta ta kumbura hoton zuwa 1080, fayil ɗin ya yi nauyi, a rubuta masa HD. Wani lokaci har ya fi faifan muni, saboda daga VCD aka kwafo shi, ko an yanke sama da ƙasan hoton don ya cika allo, sai ki ga hular jarumi ta ɓace. Akwai manhajoji na zamani da ke ƙoƙarin cike gurbin da hasashe. Suna gyara fuska ta yi sumul, amma ki lura da haƙora da rubutun bango da zanen atamfa, nan suke kwaɓawa.

Tsofaffin finafinan Indiya da na Amurka labarinsu daban ne. Su an ɗauke su a zaren fim mai faɗin milimita 35 irin na sinima, kuma wannan zare yana riƙe da hoton da ya fi ƙarfin DVD sosai. Idan kamfani ya koma ga zaren asali ya sake ɗauko hoton, fim ɗin shekarun 1970 sai ya fito tas, har saƙar tufafi a gani. Nan ne sauyawa ke da riba ta gaske.

Kafin ki biya, ki ce a kunna miki a wurin, a tsayar da hoton inda akwai rubutu ko fuska kusa. Nauyin fayil ma shaida ne: fim ɗin awa biyu da bai kai mega 500 ba, ko me aka rubuta a sunansa, kada ki sa ran ganin cikakken HD.

Tambaya: Yayana ya aiko mini da faya-fayan Blu-ray daga Faransa, lektar ɗina ta ƙi karanta su. Akwai saitin da zan taɓa? — Wani matashi daga Sabon Gari

Amsa: Babu, ɗan'uwa. Lektar DVD tana karatu da jan haske mai tsawon zango nanomita 650, Blu-ray kuwa da shuɗi mai 405, wanda ya fi siriri. Shi ya sa faifai mai girma ɗaya yake ɗaukar giga 25 ko 50, alhali DVD 4.7 ne ko 8.5. Jan hasken ba zai iya ganin rubutun ba. Amma lektar Blu-ray tana karanta DVD, don haka in ka saya ba ka yi asarar tsofaffinka ba. VCD ne ba kowace ke karɓa ba. Duba jikin kwalin.

In kana da PlayStation 3 ko 4, ka riga ka mallaki lektar Blu-ray. Sai dai ka kula da shiyya. An raba duniya uku a Blu-ray: A ta ƙunshi Amurka, B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, C ta ƙunshi Indiya da Sin da Rasha. Faifan Faransa B ne, to in na'urarka daga Amurka aka kawo ta, wanda aka kulle zai ƙi. Harafin yana bayan kwali. In kuma ka ga an rubuta Ultra HD, wannan na 4K ne, ba shi da shiyya, amma PlayStation 4 ba ta karanta shi, sai PlayStation 5 mai ramin faifai ko lektar 4K.

Tambaya: Fim yana cikin tafiya sai ya tsaya ya farfashe. Yanzu ma lektar tana karanta VCD amma DVD sai ta ce babu faifai. — Wani malami daga Mirriya

Amsa: Malam, matsala biyu ce ka haɗa. Ta farko ta faifai ce. Riƙe shi ta baki, ka wanke da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, ka goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ka goge a zagaye: rubutun a zagaye yake tafiya, ƙarzar da ta bi shi tana cinye dogon layi, wadda ta gitta shi kuwa na'ura na iya cike gurbinta. Kuma kada a goge shi a bushe da gefen riga lokacin hunturu, ƙurar nan yashi ce.

Ta biyu ta idon lektar ce. Kan karatun lektar yana da fitila biyu, ɗaya ta CD da VCD, ɗaya ta DVD. Ta DVD kan riga gajiya, shi ya sa kake ganin haka. Kafin a yanke mata hukunci, a cire wayar kuran, wato ta wutar lantarki, a buɗe murfi, a jiƙa auduga mai tsinke da alkol na farmasi mai ƙarfin 90, a shafi gilashin idon a hankali ba tare da dannawa ba, don a kan siraran wayoyi yake lilo. A bari ya bushe minti biyar, a rufe sannan a kunna. Ba a leƙa idon yana kunne. In ba ta farfaɗo ba, mai gyara ya duba motar da ke juya faifai, domin in ta yi sanyi alamun ɗaya ne. In kan karatun ne ya mutu, ka gwada kuɗin sabo da na sabuwar lektar kafin ka amince.

Zafin Afrilu da Mayu ma yana da hannu. Kada a ɗora lektar a kan wata na'ura mai zafi, kada a lulluɓe ta tana aiki, a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe.

Tambaya: Bidiyon bikin aurena da na sunan ƴaƴana suna kan faifai. Ɗaya ya fara tsayawa. Me zan yi? — Wata mai karatu daga Magarya

Amsa: Ƙanwata, wannan ya fi duk na sama gaggawa, don fim ɗin kasuwa ana sake samunsa, wannan kuwa babu na biyu. Faifan da mai ɗaukar biki ya ƙona a kwamfuta ba irin na kamfani ba ne. Rubutunsa a kan rini yake, shi ne launin shunayya da kike gani a ƙasan DVD ɗin, kuma rana da zafi suna kashe rinin sannu a hankali ko da babu ƙarza ko ɗaya.

Ki kai su wurin mai kwamfuta mai ramin faifai cikin makon nan. A DVD a kwafe jakar VIDEO_TS gaba ɗayanta, a VCD kuwa jakar MPEGAV, inda fayilolin DAT suke. A ajiye wannan kwafi yadda yake, kada a matse shi. Manhajar VLC tana buɗe su. In kina son na waya, a yi wani daban da HandBrake a tsarin H.264, a bar girman hoton yadda yake. Wanda ya fara tsayawa, in kwamfuta ɗaya ta kasa a gwada wata, idanun ba ƙarfinsu ɗaya ba. A ajiye kwafi biyu a wurare biyu, misali kile a gidanki da wani a gidan iyaye, kuma faifan ma a adana shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da taga.

Tambaya: Na karɓi fim na HD a kile, hoto na fita amma babu murya. Wani kuma ya ƙi shiga kilen alhali akwai fili. — Wani ɗalibi daga Jami'ar Zinder

Amsa: Rashin muryar yawanci saboda sautin fim ɗin DTS ne, talabijin da yawa ba sa fassara shi daga kile. A mayar da sautin AAC a kwamfuta, ba sai an taɓa hoton ba. In akasin haka ne, murya babu hoto, to fayil ɗin H.265 ne, tsohuwar talabijin kuma H.264 ta sani. Na biyun kuwa, kilenka a tsarin FAT32 yake, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Kwashe abin da ke ciki tukuna, don sauya tsari yana share komai, sannan ka mayar da shi exFAT ko NTFS. Ka fara gwadawa da ƙaramin fayil ka ga wanne talabijin ɗinka ke karantawa, domin wasu ɗaya kawai suka sani.