Hajiya, kada ki raba shi da ƙwallo, sharaɗi za ki sa masa

Hajiya, na ga tambayarki, cewa ɗanki yana aji biyar na sakandare, ƙwallo ta shiga ransa, kina son ki hana shi don ya fuskanci WAEC. Don Allah ki saurare ni.

Ni ma na buga wa makarantarmu a nan Sakkwato, a baya nake tsayawa. Kocinmu malamin lissafi ne, ba ya miƙa maka riga sai ya ga sakamakon jarabawarka. Na taɓa faɗuwa Turanci, ya zaunar da ni a benci wasa uku, ina ji ina gani wani yaro ya sa lambata. Wallahi abin da bulala ta kasa, bencin nan ya yi mini. Atisaye kuwa bayan sallar asuba muke fita, don kin san garin nan, a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, hantsi na yi ba mai iya gudu. Har yau in na idar da asuba ba na komawa barci.

Amma ki faɗa masa gaskiya: a cikinmu babu wanda ya ci abinci da ƙwallo. Yara suna kallon Shehu Abdullahi, ɗan garin nan da ya buga wa Kano Pillars, ya ciyo tagulla da Najeriya a gasar Olamfik ta 2016, ya je Kofin Duniya a Rasha a 2018. To, yara nawa suka taka filin Giginya da wannan burin? Ni gwiwa ce ta tsayar da ni ina jami'a, takarda ce ta rufa mini asiri.

Duk da haka ban yi asara ba. Biyu daga cikinmu sun shiga soja, gudun tantancewa bai ko girgiza su ba. Aikina na farko mai tsaron ragar ƙungiyarmu ne ya kira ni ya ce ana neman mutum. Yanzu da nake da yara a ƙarƙashina a shago, in ɗaya ya yi kuskure ba na tozarta shi a gaban mutane, domin na san yadda ake ji in ka jawo an ci ku, abokanka suka dafa kafaɗarka suka ce a ci gaba.

Ki bar masa la'asar, bayan magariba kuma littafi. Maki ya sauka, ki ɗauke takalman. In kuma ya ji ciwo a gwiwa, ki kai shi asibiti a ɗauki hoto, kada a tsaya wajen mai ɗori kamar yadda aka yi da ni.