Me Ya Sa Wasu Rukunonin Wasa Suka Ɓace Daga Allon Wheel of Fortune?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina kallon shirin talabijin ɗin nan na Amurka, Wheel of Fortune, wanda ake juya ƙaton faifai ana cike haruffan da aka ɓoye a allo. Kwanan nan na kalli tsofaffin shirye-shiryensa, sai na ga wasu rukunonin wasa da babu su yanzu, har da wani wai shi Megaword. Don Allah me ya sa aka daina su? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Shirin da kike magana a kai Merv Griffin ne ya ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a tashar NBC a watan Janairun 1975, kuma tun daga lokacin rukuni shi ne kaɗai hasken da ake ba ɗan takara kafin ya kira harafin farko. Ana gaya masa cewa abin da ke ɓoye sunan mutum ne, ko wuri, ko wani abu, ko wata magana da aka saba faɗa. A ganina, duk rukunin da aka yi watsi da shi, ko dai ya kasa ba da wannan hasken ne, ko kuma ya cinye lokacin shirin da bai wuce rabin awa ba.

Megaword ɗin da kika ambata ya haɗa laifuffukan biyu. An shigo da shi a 1994, bai kai shekara ba aka janye shi a 1995. Kalma ɗaya tak ake ɗorawa a allo, doguwa kuma wadda ba a cika amfani da ita ba, idan mutum ya gano ta sai a nemi ya sa ta a cikin jimla ya karɓi tukuicin dala 500. Ki duba kalmar OXIDIZED, wadda ta taɓa fitowa a wannan rukuni: baƙaƙen da 'yan takara suka saba fara kira, wato R da S da T da L da N, babu ko ɗaya a cikinta, baƙaƙenta uku ne kacal, X da D da Z. Sai ki ga an juya faifai an kira harafi babu, na kusa ya juya shi ma babu, allo yana nan wayam, mai kallo a gida kuwa ba shi da abin da zai kama ya yi hasashe. Ko an sayi wasali a kan dala 250, haskensa kaɗan ne. Shi kansa mai gabatar da shirin, Pat Sajak, wanda ya riƙe aikin daga 1981 har ya yi ritaya a 2024, bai ɓoye rashin son wannan rukuni ba a gaban kyamara, kuma ban ga laifinsa ba.

Rukunin kalmomin harsunan waje, wanda aka gwada a farkon shekarun 1990, nasa cikas ɗin daban ne. Dokar shirin ita ce a karanta amsa daidai yadda take, to idan kalmar ta Faransanci ce kuma harshen ɗan takara ya karkace, wane lafazi alƙalai za su karɓa? Rukunin sara shi ma bai yi ƙarko ba, domin sara yayi ce, abin da matasa ke faɗa bana baɗi ya tsufa.

Akwai kuma jerin waɗanda ke zuwa da ƙarin tambaya bayan an warware allo. A wani, alamu uku ake rubutawa a nemi sunan garin ko ƙasar da suke nufi. A wani, taken talla ake bayarwa a tambayi kayan da ake tallatawa. A wani kuma, a nemi wanda ya faɗi wata sananniyar magana. Tukuicinsu ya yi ta hawa har ya kai dala 3,000, amma kafin 2010 galibinsu sun kau. Waɗannan kam na ji zafin rashinsu, domin suna gwada sanin mutum, ba sa'ar faifai kawai ba. Sai dai tun daga shekarar 2000 shirin ya ƙara gajerun zagaye na gaggawa, inda haruffa ke bayyana ɗaya bayan ɗaya ana rige-rigen danna maɓalli, kuma kowace ƙarin tambaya tana rage musu wuri.

Ba duk wanda kika daina gani ne ya mutu ba, wasu suna kawai aka sauya musu ko aka haɗe su da makamantansu. Idan kuma kina son ganin tsoho mai ran ƙarfe, ki lura da Before & After, wanda ke sarƙa maganganu biyu da kalma ɗaya a tsakiya, ƙarshen ta farko ya zama farkon ta biyu. Tun ƙarshen shekarun 1980 yake kan allo, kuma har Ryan Seacrest ya karɓi shirin a watan Satumban 2024 ana amfani da shi.