Tambaya da Amsa: Sharhin Littattafan Jarumai Masu Zane na Kowane Mako

Wasiƙun wannan karon sun taru ne kan littattafan jarumai masu zane, irin su Superman, Batman da Spider-Man, da kuma sharhin da ake yi musu duk mako. Mun taƙaita tambayoyin domin amsa ta samu fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na lura kusan duk masu sharhi suna sakin rubutunsu ne ranar Laraba ko Alhamis. Haɗa baki suka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kasuwar ce ta tsara musu haka. A Amurka, inda kamfanonin Marvel da DC suke, Laraba ce ranar da sababbin fitowa, wato ƙananan littattafan da ke ɗauke da kashi-kashi na labari, ke hawa kantar shagunan littattafan zane. DC ya taɓa komawa Talata a 2020, lokacin da ya raba gari da kamfanin rarrabawa na Diamond, amma ya dawo Laraba a watan Yulin 2024. Wasu masu sharhi suna samun kwafi kafin ranar, bisa sharaɗin ba za su ce uffan ba sai lokacin da kamfani ya yanka musu.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da wannan tsari. Mai shago yana rufe odarsa kimanin mako uku kafin littafin ya fito, kuma galibi abin da ya saya ba ya mayarwa. Ke nan sharhin Laraba ba ya canza yawan kwafin da aka buga na wannan fitowar, sai dai ya shafi na gaba. In sharhi ya ja hankalinka ga wani jerin labari, ka sanar da mai shago ya sa sunanka a jerin masu ajiya tun da wuri, domin da irin wannan odar ake auna ko labari zai ci gaba ko a tsayar da shi.

Tambaya: Ina so in fara rubuta sharhi duk mako, amma duk wanda na rubuta sai ya zama maimaita labarin kawai nake yi. Yaya zan gyara?

Amsa: Wannan ita ce cutar da ta fi kama sababbin masu sharhi, kuma dalilinta ɗaya ne: ana karanta kalmomi ana tsallake zane. Fitowa guda tana da shafi wajen 32, amma labarin kansa bai cika wuce shafi 20 zuwa 22 ba, saura talla ne da sanarwa. Wanda ya bi kalmomi kaɗai zai gama cikin minti goma, ya fito ba shi da abin faɗa sai wane ya doki wane.

Ka karanta sau uku. Karatun farko na jin daɗi ne, kada ka riƙe alƙalami. A na biyu ka rufe ido ga kalmomi gaba ɗaya, ka bi zanen gida-gida, wato akwatunan hoto da aka raba shafi da su, ka ga ko za ka gane abin da ke faruwa. In ka kasa gane wanda ya shigo ɗaki, ko inda naushi ya fito, ko dalilin da mutumin da ke hagu ya koma dama ba tare da ya motsa ba, to mai zane ya gaza, komai kyan fuskokin da ya zana. A na uku ne za ka ɗauki alƙalami, ka rubuta lambar shafin duk abin da ka lura da shi.

Ka duba shafin sunayen ma'aikata kafin ka yabi ko ka zargi kowa. Aikin ya kan rabu tsakanin marubuci, mai zanen fensir, mai bin zanen da tawada, mai sa launi, mai jera kalmomi, da edita. Kowannensu yana da inda ake kama shi. Mai tawada ne ke ba layi kauri ko siranta, shi ke sa duhu ya yi nauyi. Mai launi ne ke gaya wa ido cewa an koma baya a lokaci ko an canza wuri, sau da yawa ta hanyar juya shafi gaba ɗaya zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi, kuma shi ke iya kashe zane mai kyau in ya cika ƙyalli har layukan suka nutse. Mai jera kalmomi kuwa, wanda kusan kowa ke mantawa da shi, shi ke jan idonka daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. In ka taɓa karanta amsa kafin tambaya a cikin gida ɗaya, laifin jeren balan-balan ɗin magana ne, wato da'irorin da ake rubuta furucin mutane a ciki, ko kuma mai zane ne ya tsayar da mai magana ta farko a dama. Ka ambaci wannan mutum da suna in ya yi aiki mai kyau, ya cancanta.

Sai ka ƙirga. Gida nawa ne a shafi? Biyar zuwa shida shi ne matsakaici. Shafi mai gida tara yana rage gudu, ya dace da hira ko zaman ɗar-ɗar. Shafi mai zane guda tilo yana cin kashi ɗaya cikin ashirin na labarin, saboda haka ka tambayi kanka ko abin da aka nuna ya kai wannan tsadar. In fitowa ɗaya tana da irinsa huɗu, kuma duk jarumi ne tsaye yana baje ƙirji, an ci kuɗin mai saye. Haka kalmomi: balan-balan ɗin da ya haura kalma 25 ya fara yin nauyi, yana kuma rufe zane.

Ka kula da juya shafi, domin nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Idan ka buɗe littafi, idonka yana hango shafi biyu lokaci guda. Don haka abin mamaki, kamar bayyanar mugu ko faɗuwar gini, wurinsa shafin hagu ne, wanda ba ka gani sai ka juya. Gida na ƙarshe a shafin dama kuma aikinsa ya sa hannunka ya kai ga takarda. Misali, a ƙasan shafin dama jaruma ta buɗe ƙofa, idanunta sun firfito, ba a nuna abin da ta gani ba. Ka juya, sai ga shi ya cika shafi. In aka sa wannan zanen a dama, ka riga ka gan shi tun kana karanta hagu, armashin ya tafi.

Wajen rubutu, jimla biyu ko uku sun isa su faɗi inda labarin ya tsaya da inda ya dosa. Kada ka tona abin da ke bayan rabin littafin sai ka yi gargaɗi. Sauran filin ka ba hukuncinka da hujjarsa, kowace hujja da lambar shafinta. Kalma 300 zuwa 500 sun wadatar ga fitowa guda. Kuma gara ka zaɓi littattafai uku ka yi musu adalci da ka bi goma sha biyar da jimla ɗai-ɗai.

Tambaya: Ni sabuwa ce a wannan karatu. Na ga Batman mai lamba 1 har kala-kala, na kuma ga wani mai lamba sama da 1000. Daga ina zan fara?

Amsa: Malama, kada lambar ta tsorata ki. Superman ya fara fitowa a 1938 cikin Action Comics, Batman a 1939 cikin Detective Comics, Spider-Man a 1962, Black Panther a 1966. Babu wanda ake tsammanin ya karanta duk wannan. Kamfanonin suna yawan mayar da lamba zuwa 1 domin fitowa ta farko ta fi sayuwa. A 2011 DC ya fara jeri 52 daga lamba 1 a lokaci ɗaya, daga baya kuma ya dawo da tsohuwar ƙirga ga wasu, shi ya sa Action Comics ya kai 1000 a 2018, Detective Comics kuma a 2019.

Abin da za ki nema shi ne fitowar da sabon marubuci da sabon mai zane suka karɓi aiki. A nan ake sake gabatar da kowa, ko lambar 1 ce ko 87. Ki rubuta shekarar da jerin ya fara kusa da sunansa duk lokacin da za ki yi oda, don kada a kawo miki lamba 1 ta wani zamani. Ki kuma guji farawa da babban labarin da ya ratsa littattafai da yawa lokaci guda, irin wanda kashi na biyu yana wannan jeri, na uku yana wancan. Mai sharhi na ƙwarai ya kamata ya faɗa a fili ko baƙo zai iya shiga daga wannan fitowar. In bai faɗa ba, ya bar muhimmin aiki.

Tambaya: Wani mai sharhi ya ba wata fitowa maki 5 cikin 10, ya ce babu abin da ya faru a ciki. Da na karanta labarin a haɗe cikin kundi sai na ga ya yi kyau ƙwarai. Waye ya yi kuskure?

Amsa: Mai yiwuwa babu. Yawancin labaran yanzu ana tsara su ne su cika fitowa biyar ko shida, domin a haɗa su kundi ɗaya daga baya. Fitowa ta uku ko ta huɗu ta kan zama gada, mutane suna tafiya suna hira. Kai ka haye gadar cikin minti goma ka wuce gaba. Shi kuwa ya biya dala 3.99 ko 4.99, ya jira wata guda, zai kuma sake jiran wani watan.

Ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne: tunda an sayar da ita ita kaɗai, dole a auna ta ita kaɗai. Ko fitowar tsakiya ce, ya kamata wani abu ya canza tsakanin shafin farko da na ƙarshe, ko sirri ya fito, ko wani ya yanke shawarar da ba ta janyuwa. Amma adalci ya ce mai sharhi ya ƙara da cewa wannan labari zai fi daɗi a haɗe. Maki kansa kada ka ɗora masa nauyi, 7 ɗin wani ita ce 9 ɗin wani. Ka karanta hujjar. In kuma ba ka gaggawa, manhajar Marvel Unlimited tana sa sababbin fitowa bayan kimanin wata uku, DC Universe Infinite kuma bayan wata shida a tsarinta na gama-gari, sai dai ba kowace ƙasa ce ake samun ta biyun ba.

Tambaya: Na ga fitowa ɗaya da bango iri-iri, wani ya ninka wani tsada sau goma. In na saya na ajiye, zan ci riba?

Amsa: Abin da ke ciki ɗaya ne, bangon kawai ya bambanta. Tsadar tana zuwa ne daga sharaɗin oda. Bango mai alamar 1:25 yana nufin sai shago ya yi odar kwafi 25 na gama-gari kafin a ba shi damar sayen guda ɗaya, akwai kuma 1:50 da 1:100. Farashinsa ya fi zafi a makon farko, kuma sau da yawa yana sauka bayan hayaniya ta lafa.

Gaskiya ne an sayar da kwafin Action Comics na farko kan dala miliyan 6 a 2024. Amma ya yi wannan daraja ne saboda yara sun karanta nasu sun yar, kaɗan suka tsira. Kwatanta da X-Men lamba 1 na 1991, mai bango biyar, wanda aka sayar da sama da kwafi miliyan 8. Jama'a sun saya sun adana da fatan riba, kuma saboda kowa ya adana, kwafinsa na gama-gari har yau ba shi da wata tsada. Ka sayi bangon da ya burge ka, da kuɗin da ba za ka yi kewarsa ba.

In ajiya kake so, ka sa kowane littafi cikin ledarsa, da kwali marar sinadarin asid a bayansa, gefen mai santsi yana fuskantar littafin. Ka jera su a tsaye cikin akwatin kwali. Ƙaramin akwati yana ɗaukar kusan 150, kada ka matse su, kada kuma ka bar su su kwanta gefe, domin ƙashin bayan zai lanƙwashe. Ka nisanta su daga rana, wadda ke kashe launi, musamman ja, da danshi, wanda ke sa takarda ta yi tudu-tudu, ƙusoshin ɗinki su yi tsatsa. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa. Ɓarnar da ta fi yawa kuwa daga salatif ɗin bakin leda take: ka cire shi gaba ɗaya kafin ka zaro littafin, in ba haka ba zai kama bango ya ɗebe launi. Kamfanonin tantancewa irin su CGC suna ba da maki daga 0.5 zuwa 10, kuma 'yan ƙananan karaya a ƙashin baya sun isa su sauko da kwafi daga 9.8.

Tambaya: Ɗana mai shekara tara yana son waɗannan jarumai. Zan iya saya masa duk wanda masu sharhi suka yaba?

Amsa: A'a, Hajiya. Masu sharhin galibi manya suke rubuta wa, kuma yawancin jerin da ke fitowa duk wata an yi su ne domin matasa da manya. Ki duba bango kusa da layukan farashi. DC yana rubuta 13+, 15+ ko 17+, kuma duk mai tambarin Black Label na manya ne. Marvel yana sa T ko T+ ga matasa, MAX kuma na manya zalla. Ga mai shekara tara ki nemi waɗanda aka rubuta cewa na kowane zamani ne, ko ƙananan kundayen da kamfanonin biyu ke bugawa musamman domin yara, labari ɗaya cikakke a littafi ɗaya. Ko da alamar ta yi daidai, ki buɗe shafuka uku na ƙarshe da kanki kafin ki miƙa masa, domin a nan aka fi ajiye zane mafi tsanani na fitowar.