Yaya ake shirya wa Ubangiji hanya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kiran nan na shirya wa Ubangiji hanya a Markus 1:3 na mutanen zamanin Yahaya Mai Baftisma ne kaɗai. A'a, har da mu. Annabcin daga Ishaya 40:3 yake, inda aka ta'azantar da masu zaman bauta a Babila, ka ga ke nan tun kafin zamanin Yahaya aka yi kiran.

Duba Luka 3:10-14. Da jama'a suka tambayi Yahaya abin da za su yi, ga abin da ya faɗa musu. Mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ita. Masu karɓar haraji kada su wuce abin da aka ƙayyade musu. Sojoji su bar ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Na sojojin nan ya fi taɓa ni, domin bai ce su ajiye aiki ba, a bakin aikinsu tubarsu za ta bayyana.