Tambayi Likita: allurar da aka tsallake, maganin da aka ajiye, da kuɗin da ba ya zama

Saƙonnin da suka taru mini a wannan karon sun zo daga arewacin Kamaru: Garwa, Kusuri, Ngawundare da ƙauyukan da ke tsakani. Kusan duk wanda ya rubuto ya san abin da ya kamata ya yi, aikatawar ce ta gagara. Akwai masana tattalin arziki da masana halayya da suka shafe shekaru suna nazarin wannan hali na ɗan Adam, har biyu daga cikinsu, Daniel Kahneman a 2002 da Richard Thaler a 2017, suka karɓi kyautar Nobel a kansa. Zan haɗa abin da suka gano da abin da binciken likitanci ya tabbatar.

Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da wata 11. An yi masa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau biyu, ta uku ta faɗo lokacin girbi ban samu kai shi ba. Abokiyar zamana ta ce biyun farko sun lalace ke nan. Kuma ai ana raba mana ƙwayoyi da damina, to mene ne amfanin allurar? (Wata uwa daga Arewa Mai Nisa)

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba su lalace ba. Jikin yaro yana riƙe da abin da ya koya daga allurai biyun nan, kuma ba a komawa farko. Ki ɗauki katinsa ki kai shi a wannan makon, za a ɗora daga inda aka tsaya. A Kamaru ana yin allurar sau huɗu: a wata 6, wata 7, wata 9, sannan ta ƙarshe idan yaro ya cika shekara biyu. Ta wata 9 tana zuwa tare da ta ƙyanda da ta shawara, don haka ki sa a duba ko su ma sun wuce shi.

Ƙasarmu ce ta fara shigar da wannan rigakafi cikin jerin alluran yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairun 2024, Chadi kuma ta bi baya a ƙarshen shekarar. Kafin nan an gwada shi tun 2019 a Ghana da Kenya da Malawi, inda aka ga mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarsa ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Ba ya hana zazzaɓi gaba ɗaya, shi ya sa ba a ajiye gidan sauro ko ƙwayoyin damina saboda shi. A Mali da Burkina Faso an kwatanta yaran da aka haɗa musu allura da ƙwayoyi da waɗanda aka ba ɗaya kawai. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna haɗin ya rage kwanciya asibiti da zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ƙwayoyin kuwa na kwana uku ne kowane wata. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko a gabanki, na rana ta biyu da ta uku suna hannunki, kuma a nan ake yawan yin sakaci saboda ɗacinsu.

Batun girbi da ya hana ki, ban ɗauke shi sakaci ba. A yankin Udaipur na Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun raba ƙauyuka 134 ta hanyar ƙuri'a. Inda ba a canza komai ba, yara 6 cikin ɗari ne suka kammala alluransu. Inda ma'aikaci yake zuwa ƙauye a rana tsayayya kowane wata ba fashi, aka samu 18. Inda aka ƙara wa uwa kilo ɗaya na wake irin nasu a kowane zuwa, da saitin kwanoni idan ta kammala, aka samu 39. Kilo ɗaya na wake ba zai sauya ra'ayin macen da ta ƙi rigakafi ba. Abin da ya nuna shi ne yawancin iyayen ba ƙi suka yi ba, kullum cewa suke yi sai gobe, domin wahalar yau, komai ƙanƙantarta, tana fi mana nauyi a kan ciwon da bai zo ba tukuna. Ina fata masu tsara aikin rigakafi a yankinmu za su riƙa duba kalandar noma da ranakun kasuwa kafin su sa rana. Ke kuma ki tsayar da rana da bakinki, ki gaya wa maigida, ki nemi maƙwabciya mai yaro ku tafi tare.

Likita, shekaruna 58, ina kasuwanci a babbar kasuwar Garwa. An ce ina da hawan jini, aka ba ni magani. Idan na sha wata ɗaya na ji garau sai in ajiye, sai kaina ya fara ciwo in koma. Ɗana ya ce zai riƙa turo mini saƙo a waya. Wannan zai yi? (Alhaji, Garwa)

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Wannan tambaya ta fi sauran tayar mini da hankali, domin ciwon kai ba ma'auni ba ne. Mutum yana iya yawo da jini a sama shekara da shekaru bai ji komai ba. Hawan jini kamar gara ne a cikin azara: ɗaki yana tsaye lafiya lau har ranar da zai rufta, kuma ruftawar ita ce shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko zuciya ta gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu wannan ciwo ba su san suna da shi ba, kuma mutum ɗaya ne cikin biyar jininsa yake daidai. Maganin ba ya warkarwa, riƙewa yake yi. Ranar da aka daina, cikin 'yan kwanaki jini ya koma inda yake.

Saƙon waya kuwa, ya danganta da irinsa. A Kenya an gwada shi a kan masu shan maganin ƙanjamau, aka buga sakamakon a 2010. Kowane mako ma'aikaciyar jinya tana tura tambaya ɗaya, yaya jiki, mara lafiya kuma dole ya amsa cikin kwana biyu. Idan ya yi shiru ko ya ce da matsala, sai a kira shi. Masu shan magani yadda ya kamata suka kai kashi 62 cikin ɗari, waɗanda ba a tura wa ba suka tsaya a 50. Amma a Yawunde an gwada a kan mutum 200, ana tura musu saƙon ƙarfafa gwiwa kowane mako har wata shida ba tare da an nemi su amsa ba, kuma ba a ga wani bambanci ba. A fahimtata, abin da ya yi aiki a Kenya shi ne sanin cewa akwai mai jiran amsarka. Don haka ka ce wa ɗanka ya riƙa tambaya, kai kuma ka amsa, idan bai ji ka ba ya kira.

Abin da ya fi saƙo ƙarfi shi ne ka ɗaura maganin a kan abin da ba ka taɓa tsallakewa. Wani babban bincike a Birtaniya a kan mutum fiye da 21,000, wanda ya fito a 2022, ya nuna shan maganin da safe ko da dare duk ɗaya ne wajen kariya. Ka zaɓi asuba ko isha'i, ka ajiye kwalin kusa da dadduma. Ka kuma sayi na wata mai zuwa tun saura mako guda na hannunka ya ƙare.

Idan an ba ka ƙwaya iri biyu, kada ka ɗauka ciwon ne ya yi tsanani. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci bincike a ƙasashen Afirka shida, har da Kamaru, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Idan ya kumbura maka ƙafa ka koma wurin likitanka ya canza, kada ka yanke da kanka.

Sai gishiri. Abin da ake so kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abincin yini. Dunƙulen ɗanɗano na miya yawancinsa gishiri ne, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke tayar da jini, ga yajin tsire da kilishi. A Sin an ba ƙauyuka gishirin da aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da fotashiyam, mutum kusan 21,000, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa irin wannan gishiri sai da izinin likita. A gaya wa uwargida a rage a tukunyar kowa, domin tukunya ta daban ba ta daɗewa.

Dakta, ni idan ba allura aka yi mini ba ba na warkewa daga zazzaɓi. Ƙwayoyin asibiti masu araha ba sa yi mini. (Wani matashi, Kusuri)

Ƙanena, jin da kake yi gaskiya ne, amma ba daga allurar yake ba. A Amurka a 2008 an ba mutum 82 ƙwayar da babu magani a cikinta. Waɗanda aka ce musu ta dala biyu da rabi ce, kashi 85 cikin ɗari suka ce zafi ya ragu, waɗanda aka ce musu an karya farashinta zuwa santi goma kuwa kashi 61. Tsada da allura suna sa rai ya kwanta, amma ƙwayar cutar da ke cikin jini ba ta san farashi ba. Zazzaɓi mara tsanani, bayan gwaji ya tabbatar, ƙwayoyi irin su Coartem ne maganinsa: sau biyu a rana, kwana uku cur, da abinci mai maiƙo ko madara. Allurar artesunate ta mai suma ce, ko mai jijjiga, ko mai aman da ba ya tsayawa. A kan irin waɗannan, gwajin da aka yi wa yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara ya nuna ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari a kan kinin. Allura a shagon bakin titi tana iya bar maka ƙurji, ko ciwon hanta, ko ƙafa ta shanye.

Likita, ni jauro ne, wato mai gari. Ina ganin gidan sauron da ake rabawa kyauta mutane ba sa darajanta shi. Ba gara a riƙa karɓar ko ɗari biyu ba? (Daga wajen Gidar)

Ranka ya daɗe, manyan masana da yawa sun yi wannan tunani, har aka gwada shi. Jessica Cohen da Pascaline Dupas sun raba gidajen sauro a asibitocin awon ciki 20 a yammacin Kenya, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi. Da farashin ya kai shilin 40, abin da bai kai dala ɗaya ba, mata 60 cikin kowane ɗari suka janye. Da aka bi su gida kuma, waɗanda suka biya ba su fi waɗanda aka ba kyauta rataya shi ba. Kuɗin bai ƙara daraja ba, talaka kawai ya kora. Gidan sauro mai magani yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 17 cikin ɗari. Abin da ke hannunka ya fi kuɗi tasiri: ka sa matasa su bi gida gida da igiya da ƙusa a ranar rabo, a rataya kafin a fita.

Likita, ina da ciki wata huɗu. Duk kuɗin da na ajiye don haihuwa sai wata hidima ta taso, biki ko ɗan'uwa ya zo rance, ba na iya hanawa. (Wata baiwar Allah, Ngawundare)

Allah ya raba lafiya, ƙanwata. Fara da tambaya a asibitin da kike awo ko suna karɓar Chèque Santé, wato takardar biyan kuɗin kula da mai ciki tun kafin haihuwa. A Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sefa 6,000 ne, kuma ya ƙunshi awo, hoton ciki, haihuwa, tiyata idan ta kama, da kula da ke da jariri har kwana 42. Gara ki biya yanzu da kuɗin yana hannu.

Sauran kuɗin mota da na ko-ta-kwana, akwai binciken da ya yi daidai da halinki. Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun yi aiki da ƙungiyoyin adashe 113 a Kenya. Wasu an ba su asusun ƙarfe mai kwaɗo, makulli a hannunsu, suka faɗi abin lafiyar da suke tara wa kuɗin. Wannan kaɗai ya ƙara abin da suke kashewa a kan lafiya ƙwarai. Waɗanda aka riƙe musu makulli a wani wuri ba su amfana haka ba, domin suna tsoron zuba kuɗin da ba za su iya ɗauka ba idan ciwo ya zo da dare. Waɗanda suka buɗe zubi na biyu a cikin adashensu, na lafiya zalla, su ma sun ci riba sosai. Mutanen da kansu sun ce kuɗin da aka riga aka sa wa suna ya fi sauƙin hanawa. Idan kika ce wa ɗan'uwa na haihuwa ne, ba ki yi rowa ba, shi ma ya san haka.

Ki ci gaba da awo, ki karɓi Fansidar na kariyar zazzaɓi a kowane zuwa, wata guda tsakani, aƙalla sau uku, tare da maganin ƙarin jini. Ku zauna da maigida tun yanzu ku yanke magana: idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannu suka kumbura, ko ruwa ya fashe, za ki tafi asibiti ko yana gida ko ba ya nan. Ki ajiye lambar mai babur biyu a wayarki, ɗaya ya zama wanda zai amsa kira da tsakar dare.